Mayafin da Sarasti Ta Ara

Ram Lubhai ta rasu a birnin Jalandhar na Punjab cikin sanyin Janairun 1998, tana da shekara saba'in da uku ko da huɗu. Ita kanta ba ta taɓa tsayar da magana a kai ba. Babu jaridar da ta ambaci rasuwarta, kuma babu dalilin da zai sa a ambata. Shekara talatin ta yi tana gasa wa unguwarsu gurasa a tanderu, ta haifi 'ya'ya biyar, uku suka rayu. Wata biyar kacal na san ta. Abin da ya haɗa mu layi biyu ne na rubutu a ƙarƙashin wani tsohon hoto: ni na rubuta su, ita kuma ta nemi a gyara su tun tana da rai. Yawancin abin da ke cikin wannan tarihi daga bakinta na ji shi, saura daga bakin mijinta, Lala Tirath Ram, kuma inda maganarsu ta saɓa zan faɗa.

An haife ta a Kot Nihala, ƙaramin ƙauye a gundumar Gujranwala, wanda yanzu yake tsallaken iyakar da aka ja a 1947. Mahaifinta, Duni Chand, ɗan tireda ne mai sayar da gishiri da man fitila da zare. 'Ya'ya mata biyu ne a gidan, ita da yayarta Sarasti, wadda ta girme ta da shekara uku. Kakarsu ta wajen uba ce ta ɗinka wa kowaccensu fulkari, jan mayafin nan da ake soma cika shi da aikin siliki tun yarinya tana goye, domin ta shiga gidan miji da shi. Na Lubhai ya ci shekara tara a hannun tsohuwar. Ta bayan ƙyallen take ɗinki, tana bin zaren saƙa da bakin allura, har fuskar mayafin ta cika da ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu, launin zinariya, ba a ganin jan sai a gefe. Kusa da kusurwa ɗaya kuwa ta ɗinka gida guda da baƙin zare. Haka matan wancan zamani suke yi: ba a barin aiki ya cika babu aibi, don kada ido ya kama mai shi.

An yi wa Lubhai aure a farkon 1941, aka kai ta wani ƙauye mai nisan wuni guda a amalanke. Da damina ta kankama, watan Sawan ya kama, mahaifinta ya je ya ɗauko ta, kamar yadda ake ɗauko kowace amarya ta yi Sawan na farko a gidan iyayenta. Sarasti ma ta zo daga nata gidan mijin. A wannan wata 'ya'yan gari mata, masu aure da marasa aure, sukan taru da yamma a bakin tafki, su ɗaura lilo a reshen babbar bishiyar pipal, su yi da'ira suna tafi suna rawar gidda. Ɗaya ta ba da waƙa, biyu su shiga tsakiya, sauran su amsa. A Kot Nihala Sarasti ce mai ba da waƙa, kuma a faɗar ƙanwarta babu uwar mijin da ta tsira daga bakinta a duk gundumar.

A wannan shekarar ne wani dattijo mai ɗaukar hoto ya zo daga birni da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, domin ya ɗauki hoton sabuwar goɗiyar mai gari. Ruwa ya yanke hanya, ya kwana biyu. Ranar da zai koma ya bi ta bakin tafki, Sarasti ta hango shi daga kan lilo.

"Baba mai akwati!" ta ƙwala masa kira. "Goɗiya ce kaɗai mai kyau a garin nan?"

"Goɗiya tana tsayawa wuri ɗaya, 'yata," in ji shi. "Ku fa?"

"Mu ma muna tsayawa idan uwar miji tana kallo. Kafa akwatinka, mu ɗauka ita ce."

Aka watse da gudu, kowa ta je ɗauko abin adonta. Fulkarin Sarasti yana can kulle a akwatin uwar mijinta, don haka ta fizgi na ƙanwarta daga kan gado ta yafa. Lubhai ta biyo ta har bakin tafki tana jan gefensa.

"Nawa ne! Sau biyu kawai na yafa shi!"

"Aro na ce, ba kyauta ba. Kafin ki ƙifta ido na dawo miki da shi."

"Kullum haka kike. Abin mutum ne yake miki kyau."

"To ai kin faɗa da bakinki, ya yi mini kyau. Matsa can, kina tare mini haske."

Sarasti ta tsaya a tsakiya, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙugu. Lubhai ta koma can ƙarshen layi ta kumbura, kuma daidai lokacin da dattijon ya buɗe idon akwatin ta kawar da kai don kada ta kalli yayarta. Suka sallame shi da kwanon shinkafa da madara da wainar alkama, ya yi alkawarin kawo musu hoton kafin bikin Diwali. Bai dawo ba. Kwana uku Lubhai ba ta yi wa Sarasti magana ba, sai da kakarsu ta haɗa su niƙa a dutse ɗaya. Sawan na 1946 shi ne na ƙarshe da suka yi tare.

A watan Agustan 1947, da aka raba ƙasa, Lubhai da mijinta suka bi ayarin amalanke zuwa gabas, kwana goma sha ɗaya a hanya. Ɗansu Omi yana da wata bakwai. Ta naɗe shi cikin fulkarin, ta rufa tsumman bargo a sama don kada silikin ya ja ido. Iyayenta sun iso bayan mako uku. Sarasti kuwa, wadda gidan mijinta yake kusa da Sheikhupura, ba a sake jin ɗuriyarta ba, ita da mijin da 'ya'yansu biyu. Na nemi sunanta a duk takardun da hannuna ya kai gare su, ban same shi ba, kuma ba zan ƙaga abin da ban sani ba. A sansanin 'yan gudun hijira ana liƙa jerin sunayen waɗanda aka gano a bangon ofis. Lubhai ba ta iya karatu ba, sai Tirath Ram ya tsaya ya karanta mata, suna bayan suna. Shi ya ce shekara uku suka yi suna zuwa. Ita ta ce biyar: biyun ƙarshe ita kaɗai take zuwa, ta roƙi duk wanda ta tarar ya karanta mata. A gabana ta faɗi haka, kuma na ga alamar ranar ce mijin ya fara ji.

An ba su ɗaki biyu a wani lungu na Jalandhar, a gidan da wasu Musulmi suka bari kamar yadda su ma suka bar nasu. Tirath Ram ya koyi gyaran risho da fitila, ya kafa tebur a bakin titi. Lubhai ta gina tanderu a ƙofar gida. Matan lungu su kawo kwaɓaɓɓen gari, ita ta gasa, ta ɗauki nata kason. Gashin hannunta na dama ya ƙone bai sake fitowa ba. Bakin tanderun ya zama majalisar matan unguwa, kuma har yau akwai waɗanda suke tuna yadda takan ɗaga kwaɓin sabuwar amarya ta ce, "Wannan gasawa zan yi ko sha?" sannan ta ja yarinyar gefe ta koya mata. An san ta da kaifin baki, an kuma san ba ta rawa. A bikin Omi mata suka ja ta tsakiyar da'ira, ta ce gwiwa ke damunta, ta koma ta zauna. Wannan gwiwar ce take tsugune gaban wuta tun asuba har rana ta take, amma babu wanda ya ja maganar. Duk shekara, ranar da ruwan Sawan ya fara sauka, takan dafa shinkafa da madara ta raba wa 'yan matan lungu, ba ta taɓa faɗin dalili ba.

A nan ne nawa hannun ya shigo. A 1985 na sayi tarin tsofaffin katunan gidan waya masu hoto a wajen wani dillali a Delhi. A cikinsu akwai ɗaya da wani kamfani na Lahore ya buga: 'yan mata goma sha ɗaya a gindin bishiya, fuskokinsu a buɗe, suna kallon akwatin hoto ido cikin ido, da mundayen azurfa a ƙafa, ga kuma wasu mata biyu can baya sun rufe fuska da lulluɓi har ƙirji. A ƙasa an buga da Turanci cewa 'yan rawar haya ne, da kalmar nan da ake kiran matan da attajirai suke gayyata zaurensu, wadda kowa ya san abin da take nufi bayan rawa. Hotunan irin waɗancan mata na zamanin, kusan dukkansu a ɗakin mai hoto aka ɗauke su, gaban labule mai zanen fada. Wannan kuwa a fili yake, ga laka a ƙafafu, ga igiyar lilo a reshe. Ya kamata hakan ya tsayar da ni. Bai tsayar da ni ba. Na sa hoton a littafina kan suturar Punjab, na fassara rubutun yadda yake, na ƙara da cewa biyun da ke baya masu yi musu hidima ne. Karatuna ya nuna mini cewa matan ƙauye na wancan zamani suna rufe fuska a gaban maza. Waɗannan ba su rufe ba. Sai na yanke hukunci. A birni aka haife ni, kuma mahaifiyata ba ta taɓa rufe fuska da lulluɓi ba.

A Agustan 1997 ƙungiyarmu ta masu nazarin tarihin gari ta shirya baje kolin hotuna a ɗakin karatunta, don cikar shekara hamsin da rabuwar ƙasa. Na sa aka faɗaɗa hoton ya kai tsawon hannu, na sa rubutun littafina a ƙasa, na kuma ce wa mai wanke hoto ya share duk wani ɗigo da tsufa ya bari a katin. An shirya cewa bayan baje kolin hoton zai ci gaba da zama a bangon.

Tirath Ram ne ya ja matarsa zuwa wurin, don ya ji an ce akwai hoton tashar jirgin ƙasa ta Gujranwala. Shi ya tafi neman tasharsa, ita ta zauna a benci ƙarƙashin fanka. Ina tsaye nesa kaɗan na ga wata gajeriyar tsohuwa ta tashi, ta taka har gaban hoton, ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta ɗaga murya, ba ta ko juyo ba.

"Baban Omi. Zo ka karanta mini wannan."

Ya zo yana gyara tabarau, ya duba, ya yi tari. "An rubuta 'yan mata suna rawa."

"Layi biyu ne, ka ba ni rabin layi."

"Sauran kwanan wata ne, uwar Omi. Zo mu je ki ga tasha, har famfon nan na bakin ƙofa ya fito."

"Shekara hamsin da shida ina jin wannan tarin. Na san na mura, na san na ƙarya." Ta waiwayo ta gan ni da takardu a hannu. "Kai mai alƙalami a aljihu, zo nan, ɗana. Karanta."

Na karanta mata duka. Ban ga abin ɓoyewa ba.

"Wa ya rubuta?"

"Ni ne, Biji," na ce, ina kiranta yadda muke kiran dattijuwa.

"Uwarka tana raye?"

"Ta rasu."

"To ta huta."

Ta ɗora yatsa a kan gilashin. "Wannan Sarasti ce, 'yar Duni Chand na Kot Nihala, yayata uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan Nuran ce, 'yar marinin garinmu, ubanta ba ya barin salla ta wuce shi. Wannan Jito ce, 'yar Sardar mai rijiya. Wa ya yi hayarsu? Mu muka sallami mai akwatin ma, da shinkafa da madara."

Na yi mata bayani cikin ladabi, kamar yadda nake yi wa ɗalibai, cewa haka aka buga a katin tun zamanin, kuma ga fuskokin nan a buɗe.

"A garin ubana wa zan rufe wa fuska?" in ji ta. "Duk namijin da ke Kot Nihala ko wana ne, ko ƙanena, ko baffana. Baƙo ma in ya shigo, baƙon ubanmu ne. 'Ya ba ta lulluɓi a garinsu, sai a garin miji. Dubi waɗancan biyun na baya. Matan yayyenmu ne, aure ya kawo su, shi ya sa suka rufe. Su me ka ce da su?"

"Masu hidima," in ji Tirath Ram ƙasa-ƙasa.

"To a nan ka ɗan kusa gaskiya," ta ce, ba ta yi dariya ba.

Na tambaye ta ita tana ina a hoton. Ta nuna ƙarshen layi, inda wata siririyar yarinya ta zama kamar hayaƙi daga wuya zuwa sama. Sannan ta ƙura wa kafaɗar yayarta ido.

"Ina baƙin? Mayafina ne wannan. Kakata ta sa baƙin gida ɗaya a nan, na uku daga gefe. Wa ya cire shi?"

Da na koma gida na ciro katin na asali, na duba shi da gilashin ƙara girma. Yana nan, na uku daga gefe, a jere na biyar. Yana cikin ɗigon da na ce a share.

Bayan mako guda na je gidansu da katin. Ban tafi da kyamara ba, kuma dole in faɗi dalili: har a lokacin ina fatan in tarar da wani mayafi dabam. Aka ba ni lassi, damammen kindirmo, a kofin tagulla. Ta sa mijinta ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, amma ita ta buɗe shi. Warin busasshen ganyen darbejiya ya cika ɗakin. Ta warware mayafin a kan cinyarta. Silikin ya ɗan dushe, kuma akwai wurin da ya goge a tsakiya, inda kan jariri ya kwanta kwana goma sha ɗaya. Na bi gidajen da yatsa ban taɓa ba. Jere na biyar, gida na uku.

"Kana da sa'a, Farfesa Sahib," in ji Tirath Ram. "Ni rabona da ganinsa tun bikin Omi. Ta fi son sa da ni."

"Shi ba ya tari, ba ya neman shayi sau shida a rana."

"Shi kuma bai taɓa gyara miki risho ba."

"Rishon da ka gyara ne ya ƙone mini gira."

Ta karɓi katin ta kawo shi kusa da ido. Na gaya mata cewa a littafina na rubuta cewa tsayuwar ta tsakiya irin ta 'yan rawar fada ce. A karon farko ta yi dariya, har da riƙe ciki.

"Fada! Uwar mijinta take kwaikwayo, yadda take korar hankaka daga shanyar barkono. Dubi Nuran, ai dariya take dannewa." Ta ajiye katin, ta tafa hannu sau ɗaya, sau biyu, sau uku, da kiɗan da ake shiga da'ira da shi. Tafin hannunta ya yi kanta, sautin ya fita a bushe. Mijinta ya tsaya da kofi a hannu bai kai baki ba. Sai ta daina, ta shafa gwiwa.

Na roƙe ta ta ba ni aron mayafin kwana biyu in nuna wa kwamitinmu. Nan take ta naɗe shi.

"Sau ɗaya aka taɓa aronsa, ka ga inda ya kai mu. Ba ya fita ƙofar nan sai tare da ni. Idan hoto kake so, kawo akwatinka ka ɗauka a nan. Amma kada ka daɗe, don ni zan riga wannan tsohon tafiya, na riga na gaya masa, kuma da mayafina zan tafi."

"Ko a layin kananzir sai ta riga ni," in ji shi.

Muka yi dariya, ni da shi. Ita kuwa ta rufe akwatin, sannan ta faɗi abin da take so, a natse. A cire waccan kalmar. A rubuta sunan yayarta da na ubansu da na garinsu.

"Ba a ƙona ta ba, ɗana, ba a zuba tokarta a ruwa ba, babu ranar da muka sani da za mu ciyar da wani don ita. Bangon nan naku shi kaɗai ne wurin da take a duniya. Ka rubuta, in zo wannan tsohon ya karanta mini, ba tari."

Na yi mata alkawari.

Shugaban kwamitinmu tsohon alƙali ne, mutumin kirki, mai son ƙa'ida. Ya saurare ni, ya ce maganar tsohuwa ɗaya, wadda ba a ma ganin fuskarta a hoton, ba za ta ture abin da aka buga tun zamanin ba. Amma idan na kawo hoton mayafin aka ajiye shi kusa da katin, magana ta ƙare. Sharaɗi ne mai sauƙi, kuma gidan tafiyar rabin awa ce daga ofishina. Ba zan ɗora masa laifi ba.

Abin da na yi shi ne na rubuta wasiƙa zuwa wata ma'ajiyar tsofaffin hotuna a Landan, ina tambaya ko suna da rajistar kamfanin da ya buga katin. Na gaya wa kaina cewa gyara irin wannan ya kamata ya tsaya a kan takarda, mayafi ya zama ƙari. Yanzu na fi gane abin da ya sa. Idan takarda ce ta gyara ni, kuskuren kamfani ne na gada. Idan mai gasa gurasa ce ta gyara ni, kuskuren nawa ne. Ko guntuwar takarda ban liƙa a kan kalmar ba kafin amsa ta zo. Ga karatun ɗalibai, ga taro a Patiala, ga jarrabawa, watanni suka shige.

Sau biyu Tirath Ram ya zo kwaleji ya same ni. A Oktoba ya tsaya a ƙofar ofis da sandarsa.

"Ta ce in tambaye ka, kyamarar taka daga Ingila take tahowa a ƙafa?"

Na yi dariya na ce mako mai zuwa. A Disamba ya sake zuwa, wannan karon bai kawo wasa ba. Ya ce sanyi ya kama mata ƙirji, ta daina fita tsakar gida. Na ce da zarar na gama duba takardun jarrabawa zan zo. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce, "To, Farfesa Sahib," ya tafi.

Amsar Landan ta iso a tsakiyar Janairu, layi shida. Ba su da rajistar. Sun ƙara da cewa suna da katunan kamfanin da yawa, kuma ya saba buga wannan kalmar ƙarƙashin kusan kowane hoton mata, domin ita ke sa baƙi saye. Washegari da hantsi na ɗauki kyamara na nufi gidan.

Tun daga bakin lungu na ga an shimfiɗa fararen zannuwa a ƙasa, maza zaune a jere. Kwana huɗu ke nan da rasuwarta. Tirath Ram yana jingine da bango kusa da tsohon tanderun. Ya ga jakar a kafaɗata.

"Ka zo da akwatin."

"Lala-ji, ban ji ba. Babu wanda ya gaya mini."

"Zauna. Mai akwatin farko ma haka ya yi mata."

Na zauna, na yi ta'aziyya yadda ake yi. Sannan, abin da har yau nake jin kunyarsa, ban iya jira ba, na tambaye shi mayafin.

"Farfesa Sahib," ya ce, "matar aure ce, mijinta yana raye. Ta riga ni, kamar yadda ta ce. Da me kake so in rufe ta?"

Matar da ta mutu ta bar mijinta da rai, da jan fulkarinta ake lulluɓe ta kamar amarya, a kai ta wurin ƙonawa da shi. Na san wannan. Yana shafi na sittin da ɗaya a littafina, shafi huɗu kafin hoton. Ta kuma faɗa mini da bakinta, na ɗauka wasan tsofaffi ne.

"Omi ya ce mu ajiye maka shi, mu sayo wani ja a kasuwa," in ji shi. "Na ce masa a'a. Wata biyar ta jira mutumin nan. Ba za ta tafi da na kasuwa ba don mu ƙara masa kwana."

Ya zura hannu cikin aljihun rigarsa ya ciro shafin kalanda a ninke. A bayansa an jera sunaye da rubutun Urdu, irin wanda tsofaffinmu suka koya a makaranta. A Disamba ta sa shi ya rubuta, daga dama zuwa hagu, yadda suke tsaye. Tara ta tuna cikin sha ɗaya. Biyu suka ɓace mata, ta yi kwana biyu tana nemansu a ka, kuma ya ce lokacin ne kaɗai ya ga ta yi kuka tun da aka soma maganar. Matan yayyen ma ta ba da sunayensu. A ƙarshen jerin, gaban lamba sha ɗaya, an rubuta: Lubhai, tana fushi.

"Haka ta ce in sa," in ji shi. "Ta ce tunda kai sai abin da ke takarda kake yarda da shi."

A wannan makon na sauke hoton, na sa aka sake wanke shi daga katin ba tare da share komai ba, na rubuta sunayen a ƙasa tare da sunan Kot Nihala. Ban jira kwamiti ba. Shugaban ya sa aka rubuta a littafin taro cewa an yi gyaran bisa shaidar baki, ba tare da hujjar da ido zai gani ba, kuma maganarsa daidai ce. Abin da na yi a Janairu ba da izinin kowa ba, da na so, da na yi shi tun a Agusta, a gabanta, da alƙalamin da ta gani a aljihuna.

Tirath Ram ya zo sau ɗaya, da bazara, Omi yana riƙe da hannunsa. Ya tsaya gaban hoton ya karanta rubutun da ƙarfi, daga farko har ƙarshe, fuskarsa a ɗan karkace wajen bencin da ke ƙarƙashin fanka. Bai yi tari ba. Ya rasu a 2001.

Littafin kuwa kwafi dubu ɗaya da ɗari biyar aka buga, kuma ba a sake buga shi ba. Na aika takardar gyara ga kowane ɗakin karatu da na san yana da shi. Bakwai suka amsa. Sau uku tun daga lokacin na ga hoton a littattafan wasu marubuta, Sarasti a tsakiya tana korar hankaka cikin mayafin aro, tsohuwar kalmar a ƙasa, sunana kuma a matsayin madogara.